Hoto Ya Ce Babu Karaya, Hannu Kuwa Ya Ƙi Ɗaguwa

A kudancin birnin Jidda, ba nisa da tsohuwar hanyar Makka, akwai wata unguwa da a ke kira Mada'in Fahad. Wannan sashe na gari ya daɗe da sanin Hausawa, waɗansu aikin Hajji ya kawo kakanninsu ta Sudan suka zauna, waɗansu kuwa neman abinci ya kawo su. To, a ɗauka a wani gida na unguwar nan akwai dattijo mai shekara 65, ya tashi da asuba zai yi alwala, santsin daɓe ya kwashe shi, ya faɗi ta fuska, haɓarsa ta bugi bakin wurin wanke hannu, kansa ya tanƙwashe baya. Ya tashi da ƙafafunsa. 'Ya'yansa suka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, wanda mutanen can su ke kira mustausaf, aka ɗinke haɓa, aka ɗauki hoton ƙashin wuya, aka ce musu, "Ku gode wa Allah, babu karaya." Aka ba shi maganin ciwo, suka komo gida. Da aka kawo shayi sai kofi ya suɓuce masa. Da ya zo sa riga, maɓalli ya gagare shi. Tafin hannunsa duka biyu na zugi kamar an zuba musu barkono.

Maganar da aka faɗa musu gaskiya ce, babu karaya. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Hoton ƙashi, ƙashi kaɗai ya ke nunawa, alhali kuwa abin da ke ɗaga hannu yana can kwance cikin ƙashin da kewayensa, inda wannan irin hoto ba ya gani. Saboda haka duk wanda ya bugu a wuya, hannunsa kuma ya rage ƙarfi, ko da kaɗan ne, bai kamata a sallame shi da kalmar "babu karaya" ba, sai an binciko dalilin rashin ƙarfin nan an kira shi da sunansa. Galibi dalilin mai sauƙi ne, tsoka ce ta ƙuje, ko jijiya guda ta matsu, kwana kaɗan a warke. Amma akwai waɗansu dalilai da ba a cika gamuwa da su ba, su ne kuwa ke raba mutum da hannunsa, wani lokaci har da ransa, kuma kowannensu yana da wa'adin da in ya wuce magani ba ya cin sa.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Jalinus, babban likitan nan na zamanin Rumawa wanda malaman ɗibbu na Musulunci suka karanta littattafansa, ya ba da labarin wani malamin fasahar magana mutumin Sham, sunansa Fausaniyas, wanda ya zo birnin Rum yatsunsa biyu ƙanana da rabin na tsakiya ba su jin taɓi. Likitoci suka yi ta shafa wa yatsun magani, a banza. Da aka kai shi wurin Jalinus sai ya tambaye shi abin da ya same shi kafin ciwon, ya ce ya faɗo daga keken doki a hanya, ya bugu a sama da tsakanin kafaɗunsa. Jalinus ya sa aka ɗauke maganin daga yatsu aka mai da shi gindin wuya, mutumin kuwa ya sami sauƙi. Ko maganin ne ya warkar da shi, ko kuwa lokaci ne ya yi aikinsa, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne tambayar da ya yi, da sanin da ya ke da shi cewa inda ciwo ya bayyana dabam, inda ya samo asali dabam. Yau shekara fiye da 1,800 ke nan, har yanzu ana shafa wa yatsu magani.

Kafin a ci gaba ya kamata a warware wata kalma. Bahaushe da kalma guda ya ke kiran abubuwa uku, watau jijiya: da wadda jini ke gudu cikinta, da wadda ta ɗaure tsoka ga ƙashi, da kuma farin zaren nan mai kai umurnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. A nan ta ƙarshen za a kira ta jijiyar saƙo, ta farkon kuwa jijiyar jini.

Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa 7 ne, an jera su bisa juna, da matashin guringuntsi tsakanin galibinsu. Raƙumin dawa ma duk tsawon wuyansa 7 ɗin ke gare shi. Ta tsakiyarsu rami ya ratsa, cikin ramin nan laka ta bi daga ƙwaƙwalwa ta gangara baya, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Daga laka jijiyoyin saƙo ke fita dama da hagu, 8 a kowane gefe na wuya. Huɗu na ƙasa, watau ta 5 zuwa ta 8, tare da ta farkon ƙirji, su ne ke haɗuwa a gindin wuya su sarƙe kamar kitso, su bi ta hammata, sa'an nan su rarrabu cikin hannu. Kowace da aikinta. Ta 5 ke ɗaga kafaɗa, ta 6 ke taimakon lanƙwasa gwiwar hannu da ɗaga tsintsiyar hannu, ita ke kuma kawo jin babban yatsa. Ta 7 ke miƙe gwiwar hannu, ta 8 ke damƙa, ta ƙirji kuwa ita ke ware yatsu. Likitan da ya san wannan taswira, da hannunsa kawai ya kan gane inda ɓarna ta ke kafin a kunna wata na'ura.

To, a koma ga dattijon nan. Abin da ya same shi wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Richard Schneider, shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1954, ana kiransa raunin tsakiyar laka. Yayin da mutum ya manyanta ƙasusuwan wuyansa su kan yi tsiro, matasan guringuntsi su kan bushe su bultso, ramin laka ya ƙuntata, shi kuwa bai sani ba, don ba ya jin kome sai ɗan taurin wuya. Ran da kai ya tanƙwashe baya da ƙarfi, sai igiyar da ke bayan ramin ta naɗe ta turo ciki, tsiron ƙashi kuma ya tokare ta gaba, laka ta matsu tsakaninsu kamar yatsa a bakin ƙofa. Cikin ƙiftawar ido kome ya koma wurinsa, ƙashi bai karye ba, bai goce ba, amma laka ta ƙuje. Abin mamakin shi ne hannuwa sun fi ƙafafu shan wahala, tafin hannu da yatsu kuma sun fi kafaɗa. Schneider ya ɗauka dalilin shi ne zaren da ke zuwa hannu sun fi kusa da tsakiyar laka. Masu bincike na baya sun yi gardama a kan wannan, suna cewa aikin yatsu ne ya fi dogara ga hanyar da ta ɓaci. Ko wanne ne daidai, abin da a ke gani ga majiyyaci bai sāke ba: yana tafiya, ko da da ɗingishi ne, hannuwa sun mutu, fata na zugi, wani lokaci fitsari ya tsaya.

Tafiyar nan ita ce mayaudariya. Kowa ya san wanda ya karya wuya ba ya motsi, saboda haka in an ga mutum ya shigo da ƙafafunsa sai hankali ya kwanta, na dangi da na ma'aikacin asibiti duka. Har a kan ce tsufa ne, ko tsoro ne ya kama shi, ko kuwa a ce raki ya ke yi. Gaskiyar magana, wannan ciwo ba ma za a kira shi baƙo ba, don a cikin raunukan da ba su datse laka gaba ɗaya ba shi ne ya fi yawa. Gane shi ne a ke yawan kasawa. Maganinsa na farko a ɗaure wuya da abin tallafi, a kwantar da mutum, a kula kada ƙarfin bugun jininsa ya faɗi, don lakar da ta kumbura tana bukatar jini, a kuma ɗauki hoton maganaɗisu, wanda a ke kira MRI, shi ne mai nuna laka kanta. In an ga har yanzu tana matse, likitan tiyata ya kan buɗe mata hanya, bincike da yawa kuma ya nuna yin haka da wuri, cikin awa 24 in hali ya yi, ya fi jinkiri amfani. Sauƙi ya kan zo bi da bi, ƙafafu tukuna, sa'an nan mafitsara, sa'an nan damtse, yatsu su ne na ƙarshe, ga dattijai kuwa ba kullum su ke komowa sarai ba. Akwai wani ɗan'uwan wannan ciwo wanda likita Bell ya bayyana a 1970, inda raunin ke can sama, mahaɗar laka da ƙwaƙwalwa, hannuwa biyu su mutu ƙafafu lafiya lau. Shi kam da wuya a gamu da shi, amma wurin yana maƙwabtaka da cibiyar numfashi.

Dalili na biyu ya fi na farko ɓoyewa, domin ba ya nuna kansa ran da aka bugu. Jijiyoyin jini 4 ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta wuya, biyu ta gaba inda a ke jin bugu a gefen maƙogwaro, biyu ta baya waɗanda ke ratsa ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya kamar zare cikin allura. In wuya ya murɗe ko ya fizgu, fatar cikin jijiya ta kan tsage, jini ya kutsa tsakanin bangonta, gudan jini ya taru a wurin. Bayan awoyi, ko bayan kwanaki, gudan nan ya ɓalle ya hau ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, sai shanyewar ɓarin jiki ta auku ga saurayi mai shekara 30 wanda ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon sukari. Duniya ta ga mafi munin irin wannan a watan Nuwamba na 1914 da ɗari, watau 2014, sa'ad da ƙwallo ta bugi ɗan wasan kurket na Ostareliya, Phillip Hughes, a gefen wuya a filin wasa na Sidni. Jijiyar baya ta fashe, jini ya zuba cikin kai, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 25. Nasa nan take ya kā da shi. Wanda ya fi yawa shi ne mai sanɗa.

Mai sanɗan nan yana da alamu, ga wanda ya san su. Ciwon kai ko na ƙeya a gefe guda, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Jiri, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta yi wuya. Sai kuma wata alama ƙarama wadda likitan ido Horner na birnin Zurik ya rubuta a 1869: fatar ido guda ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon kuma ya ƙanƙance ya fi na ɗayan ƙanƙanta. Matar mutum ko uwarsa ta fi kowa saurin ganin wannan, don ita ta san fuskarsa. Wani abin kuma, in jijiyar gaba ce ta tsage, hannun da zai mutu ba na gefen da aka bugu ba ne, na ɗaya gefen ne, domin ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu shi ke mulkin jikin dama. Saboda haka kada wani ya ce, "Ai a hagu ya bugu, wannan kuwa hannun dama ne, babu ruwan faɗuwar." In aka gano tsagewar kafin gudan jini ya ɓalle, da ƙwayar magani mai hana jini daskarewa, irin su asfirin, a kan tare masifar. In kuwa ya riga ya ɓalle, allurar narkar da shi tana da wa'adin awa huɗu da rabi, ko da ya ke akwai kuma hanyar zaro shi da bututu a manyan asibitoci.

A nan ne ya wajaba a yi magana a kan masu murɗa wuya. Akwai masu aski da masu tausa da ke kama kan mutum su fizge shi har wuya ya yi ƙara, suna ganin gwaninta ce. Akwai kuma maɗora. Ba a raina maɗori ba, ya ɗora karaya da yawa a inda babu likita, jama'a kuma ba su yarda da shi a banza ba. Amma sangali dabam, wuya dabam. Wuyan da ya riga ya bugu, hannu kuma ya rage ƙarfi, ba a jansa, ba a murɗa shi, ba a taka shi, ko wane ne mai yin, ko da kuwa ya gāji sana'ar tun kaka da kakanni. Ƙaho da lalas a kafaɗa su kuma shafa wa yatsu magani ne irin na likitocin Fausaniyas, sai dai ɓata kwanaki.

Akwai kuma jinin da kan taru cikin ramin laka ya danne ta, musamman ga masu shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya. Ciwon wuya mai tsanani ya fara, cikin awoyi hannu ya yi nauyi, ƙafar gefen ta bi. Ya kan yi kama da shanyewar ɓarin jiki ƙwarai, in kuwa aka ruɗe aka yi masa allurar narkar da jini, an ƙara wa wuta mai. Abin da ke raba su shi ne fuska da magana lafiya su ke, ciwon wuya kuma ya riga rashin ƙarfi zuwa. Maganinsa tiyata ce a ranar.

Duk wannan na dattijai ne da na gaggawa. Na samari kuwa wani iri ne, shi ne kuma ya fi cin rai, don hasararsa a hankali a ke yin ta, kowa na kallo. A titunan Jidda samari masu kai saƙon abinci a kan babur sun yi yawa, haka ma masu aikin gini a kan tsani. Mai babur in ya faɗi, kafaɗa ce ke fara dukan ƙasa, kai kuma ya ture ɗaya gefen, sai kitson jijiyoyin nan na gindin wuya ya miƙe fiye da kima. In na sama ne suka ɓaci, hannu ya kan rataye a gefe, ya juya ciki, tafin yana duban baya, mutum na motsa yatsu amma ba ya iya ɗaga kafaɗa ko kai loma baki. Likita Erb na Jamus ya bayyana wannan a 1874. In kuwa hannu aka fizga sama, kamar magini da ya faɗo ya cafki ƙarfe, na ƙasa ne ke ɓaci, kafaɗa lafiya, yatsu sun ƙandare. Wata likita a Faris, Augusta Klumpke, tun tana ɗaliba ta nuna a 1885 cewa in aka ga alamar idon nan ta Horner tare da wannan, to ɓarnar tana can kusa da laka, sau da yawa ma jijiyar tumɓukewa ta yi daga tushenta.

Sau da yawa irin wannan saurayi yana da karaya a kafaɗa ko a damtse, sai hankalin kowa ya tafi kan ƙashin. A ɗaure hannu mako shida, a kwance, a ga bai motsa ba, a ce zaman ɗauri ne, a tura shi gashi da motsa jiki. Wata uku, wata shida, ana cewa ya yi haƙuri zai dawo. Wani lokaci kuwa ya kan dawo, shi ya sa maganar ta ke da daɗin ji. Herbert Seddon, likitan ƙashi na Ingila, ya kasa raunin jijiyar saƙo kashi uku a 1943: wadda ta suma kawai, ta kan farfaɗo cikin makonni, wadda zaren cikinta ya tsinke amma kubenta na nan, ta kan sāke tsirowa, da wadda ta yanke ɗungum, ita kam ba ta haɗuwa sai an ɗinka. Wadda aka tumɓuke daga laka ba ta komawa ko kaɗan. Daga waje duk kamarsu ɗaya a makon farko, sai awon lantarki na jijiya da tsoka, wanda a ke yi bayan mako uku ko huɗu, tare da hoton maganaɗisu, su ke rarrabe su.

Ga lissafin da ya sa jira ya ke da tsada. Jijiyar saƙo tana tsirowa misalin milimita ɗaya a yini, watau inci guda a wata. Tsokar da ta rasa jijiyarta kuwa ba ta jira har abada, bayan wata 12 zuwa 18 ta kan ƙanjame ta zama ba ta karɓar saƙo ko da jijiyar ta iso. In an haɗa tafiyar hawainiyar nan da wa'adin tsoka, sai a ga dalilin da ya sa likitocin wannan fanni ke son a yi tiyata kafin wata shida su cika. Tiyatar ma ta ci gaba. A 1994 likita Christophe Oberlin na Faris ya nuna ana iya tsakuro 'yan zare daga lafiyayyar jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa, a jona su ga reshen da ke shiga tsokar damtse, tafiyar ta zama gajeruwa, cikin watanni mutum ya sāke lanƙwasa gwiwar hannu. Inda duk jijiyoyin hannu suka tafi, a kan aro na tsakanin haƙarƙari. Hannun ba ya komawa kamar dā, kada a yaudari kowa. Amma tsakanin hannun da ke kai abinci baki da wanda ke lilo a cikin riga akwai rata mai yawa, ratar kuwa sau da yawa ba kome ba ce sai wanda aka tura wurin gwani a wata na uku, da wanda aka tura a shekara ta biyu.

Akwai waɗansu cututtuka kuma da ke fakewa a bayan faɗuwa. Ɗaya ita ce wadda likitoci biyu na Ingila, Parsonage da Turner, suka bayyana a 1948 bayan sun duba mutum 136, galibinsu soja. Kwanaki bayan mura, ko tiyata, ko haihuwa, ko aikin ƙarfi, ko ɗan rauni, sai azababben ciwon kafaɗa ya ta da mutum cikin dare. Ya yi kwanaki ko makonni, ya lafa, sa'an nan hannu ya yi sanyi, tsoka ta zube. In mutum ya tura bango sai a ga allon kafaɗarsa ya ɗago kamar fiffike. Kumburin jijiyoyi ne, ba matsewa a wuya ba, amfanin gane shi kuwa kada a yanka wuyan da ba shi da laifi don an ga ɗan tsiron ƙashi a hoto. An daɗe ana ɗaukarsa baƙon ciwo, sai wani bincike na ƙasar Holan a 2015 ya nuna yana kama wajen mutum ɗaya cikin 1,000 a shekara, ashe rashin gane shi ne ya sa ya yi wuyar gani. Ɗayar kuwa ita ce jakar ruwa da kan tsiro cikin laka watanni ko shekaru bayan tsohon rauni. Alamarta mai ban tsoro ce: mace na girki tukunya ta ƙone mata hannu ba ta ji ba, sai ta ga bororo, alhali in an shafa mata auduga tana ji.

Mai gardama zai ce, in haka ne duk wanda ya yi tuntuɓe sai an kai shi hoton maganaɗisu, ina kuɗin, ina na'urorin? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don mafi yawan masu ciwon wuya ba su bukatar kome sai hutu da haƙuri, yawan hoto kuma ya kan tono abin da ba shi ne ciwon ba. Amma ba hoto a ke roƙo wa kowa ba. Abin da a ke roƙo minti biyar ne na likita. Ya sa majiyyaci ya ɗaga kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya miƙe ta, ya damƙi yatsa, ya ware yatsu, dama da hagu, ya ba kowace tsoka maki daga 0 zuwa 5 bisa ma'aunin da likitocin Ingila suka tsara a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sojojin da suka ji rauni. Ya buga gwiwa da ɗan gudumarsa, ya taɓa fata da tsinke, ya dubi idanu biyu, ya sa shi tafiya, ya tambayi fitsari. Sa'an nan ya rubuta, da rana da sa'a, don likitan gobe ya san ko gaba a ke yi ko baya. Wannan ba ya cin riyal ko ɗaya, kuma shi ke ware mutum guda da za a tura babban asibiti, irin Asibitin Sarki Abdul'aziz da ke Mahjar ko na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, daga cikin taron da za a sallama. Likitan da layi ya yi wa yawa yana da uzuri a kan abubuwa da dama, amma ba a kan wannan ba.

Dangi ma da nasu kason. Bahaushe in ya ce "hannuna ya mutu" yana iya nufin ciwo ne ya hana shi motsa shi, ko fatar ce ba ta ji, ko kuwa yana umurtar hannun ya ƙi bi. Uku ɗin nan ga likita hanyoyi uku ne dabam dabam, mai yin tafinta zuwa Larabci kuwa ya kan dunƙule su ya ce hannu na ciwo, shi ke nan a rubuta maganin ciwo. Ya kamata wanda ya raka majiyyaci ya faɗi abin da ya gani da idonsa: jiya ya riƙe cokali, yau ya kāsa, ya faɗi da asuba, hannu ya yi sanyi da la'asar, idonsa na hagu ya ɗan rufe, tun safe bai yi fitsari ba, yana shan maganin tsinka jini. In kuwa mutum na kwance a inda ya faɗi, wuya na ciwo, hannu ba ya motsi, kada a cicciɓe shi a cusa a bayan mota. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira motar agaji ta Hilal Ahmar a lamba 997.

Saura abin da ba a cika faɗa a fili ba. A cikin Hausawan kudancin Jidda akwai waɗanda igamarsu ta ƙare, da waɗanda ba su taɓa samunta ba, da masu tsoron kada kafili ya ji hannu ya lalace ya sallame su. Irin waɗannan su ne ke zama a ɗaki suna shafa man zafi har wa'adi ya wuce. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci a kamfani ya yi masa inshorar lafiya, wanda ke da ita kada ya ji nauyin amfani da ita. Wanda ba shi da ita kuwa, nan ne shugabannin al'umma da masu hali ya kamata su san ciwon da za a yi wa karo-karo a yau, da wanda zai iya jira. Rushe-rushen tsofaffin unguwannin kudancin garin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya warwatsa iyalai da yawa, maƙwabcin da dā zai lura hannun wane ya rame yanzu yana wata unguwa, majiyyaci kuma ya kan ga sabon likita kowane zuwa. Saboda haka takardun asibiti su zauna a hannun mai ciwo: rahoton rana ta farko, da makin tsokoki, da faifan hoton. Wanda kuma ya ƙudura komawa gida jinya, ya tafi da su, ya nufi inda a ke da masu wannan aiki, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a makon da ya sauka, ya kuma fara gaya wa likitan ranar da ya faɗi, domin daga ranar ce a ke ƙidayar watanni shidan.